Koren Da Ke Bakin Famfo: Yadda Ake Gane Dalma Da Jan Ƙarfe A Ruwan Sha Na Gida

"Assalamu alaikum. Malam, ina zaune a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Ringim ta Jihar Jigawa. Shekara biyu ke nan da muka yi karo-karo a unguwarmu aka haƙa mana rijiyar burtsatse mai sola, aka ɗora tanki, ni kuma na ja bututu zuwa gidana. Kwanan nan na lura da wani kore-kore a bakin famfon da kan simintin da ruwan yake ɗiga, ruwan asuba kuma yana ɗanɗanon ƙarfe. Ina da yaro ɗan shekara biyu, maiɗakina kuma tana da juna biyu, kullum sai ta tafasa ruwan kafin ta ba yaron. Wani mai tallar matatar ruwa ya tsoma wata 'yar na'ura a ciki ya ce lafiyarsa ƙalau. Tun da na ji labarin gubar dalma ta Zamfara hankalina bai kwanta ba. Ta yaya zan tabbatar?"

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya raya yaro, ya sauki maiɗakinka lafiya. Abin da kake nema shi ne ka san ko koren nan da ɗanɗanon ƙarfen alamun dalma ne, da kuma hanyar da mutumin karkara zai bi ya gano ainihin abin da ke cikin ruwansa ba tare da an yi masa rufa-ido ba. Na daɗe ina ɗibar ruwan rijiyoyi da famfuna a ƙauyukan Kano da Jigawa ina kai wa ɗakin gwaji, kuma daga wannan aikin zan amsa maka. Sai dai ka riƙe tun yanzu cewa ba wanda zai yanke hukunci a kan ruwan da bai auna ba, ni ma ban fita daga ciki ba.

Koren da ka gani, in ba gansakuka ba ce, aikin jan ƙarfe ne. Shi ne dai koren da ke fitowa a jikin tsohuwar wayar lantarki da aka fere, ko a jikin munduwar tagulla da ta daɗe a ajiye a wuri mai danshi. Ɗanɗanon ƙarfe kuma yana iya zuwa daga jan ƙarfen, ko daga tsatsar bututu. Ita dalma ba ta da launi a ruwa, ba ta da wari, harshe kuma ba ya jin ta, ta yadda ruwan da ya fi kowane ruwa haske a kofi yana iya ɗauke da ita. To amma kada wannan ya sa ka raina koren, domin saƙo yake ba ka cewa ruwanku yana cin ƙarfen da yake bi ta ciki. Yawancin kan famfo masu ruwan ɗorawa da ake sayarwa a kasuwanninmu, har da waɗanda aka shafe da farin ƙyalli a waje, tagulla ce a ciki, wato haɗin jan ƙarfe da zinki, kuma masu ƙera su sukan zuba 'yar dalma a haɗin saboda ta fi sauƙin yankawa da fitar da zare. Ruwan da ya iya narkar da jan ƙarfen tagulla zai iya tafiya da dalmar da ke tare da shi.

Na'urar mai talla kuwa, in irin wadda na sani ce mai kama da alƙalami, jimillar gishirin da ya narke a ruwa take aunawa, ba ta bambanta dalma da kanwa. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa dalma ita ce maikrogiram 10 a lita ɗaya (maikrogiram shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram), kuma ita ce iyakar da ke cikin ma'aunin ruwan sha na Nijeriya wanda hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, wato SON, ta fitar a 2007. Don ka ga ƙanƙantar abin, giram ɗaya na dalma, kimanin nauyin ƙwayar gyaɗa biyu, ya isa ya kai lita 100,000 wannan iyaka, wato jarka 4,000 mai cin lita 25. Na'urar tasa tana fara ƙirge ne daga miligiram ɗaya a lita, ninki ɗari na wannan iyaka, saboda haka ko ruwan ya ninka haddi sau goma ba za ta motsa ba. Jan ƙarfe shi an fi sassauta masa domin jiki yana bukatar kaɗan daga cikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsaya a miligiram 2 a lita, ma'aunin Nijeriya ya tsaya a miligiram 1. In ya yi yawa yana kawo tashin zuciya da amai da ciwon ciki da zawo, kuma jarirai da masu ciwon hanta sun fi jin jiki. Dalma kuwa ba ta da wani amfani a jikin ɗan Adam, kuma likitoci ba su san wani gwargwado nata da za a ce ba ya cutar da yaro ba. Lambar 10 ɗin nan ma an ajiye ta ne bisa abin da ake iya aunawa da cimmawa a aikace.

Abin da ya faru a Zamfara, da inda dalmar ruwan gida take fitowa

Abin da ya tayar maka da hankali ya cancanci tayar da hankali, amma hanyarsa daban ce da taka. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano yara suna mutuwa da yawa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, daga baya aka shiga Bagega, kuma an ƙiyasta yara kusan 400 suka rasu. Duwatsun zinariya masu ɗauke da dalma mai yawa ake kawowa cikin gida a daka a niƙa, ƙurar ta lulluɓe tsakar gida da ɗakuna, yara masu rarrafe suna kai hannu baki. Irin haka ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja a 2015. Ƙura da ƙasa su ne suka yi kisan. Dalmar da ke zuwa ta famfo ba kasafai take kai yaro ga suma da jijjiga ba. Ɓarnarta a hankali take, tana taɓa ƙwaƙwalwar da ke girma, ta rage kaifin fahimta da natsuwa, ta jawo ƙarancin jini, ba wanda zai lura sai yaro ya shiga makaranta a ce ba ya ganewa. Yaro ƙarami yana tsotse dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar fiye da babba, mai juna biyu kuma tana miƙa wa abin da ke cikinta ta mahaifa. Wannan ya sa gidanka yake cikin gidajen da nake ganin gwajin ya zama dole a kansu.

A mafi yawan rijiyoyin burtsatse ruwan yana fitowa daga ƙasa ba tare da dalmar a-zo-a-gani ba. In ban da wuraren da ke kusa da haƙar ma'adinai, kamar yankin Riruwai a ƙaramar hukumar Doguwa ta Kano, ko kusa da inda ake fasa tsofaffin batura, tsakanin bakin rijiya da kofi ake samun matsalar. Kan famfo na tagulla shi ne na farko, sai makullan ruwa da mahaɗan bututu da bawul ɗin da ke hana ruwa komawa rijiya, waɗanda su ma galibi tagulla ce. Farin bututun ƙarfe wanda aka shafe da zinki yakan zo da ɗan ragowar dalma a shafen, in ya tsufa kuma tsatsarsa tana riƙe dalma ta riƙa saki kaɗan-kaɗan. Akwai dalmar liƙi da wasu masu gyara suke ɗinke tanki ko bututu da ita, akwai kuma tsofaffin gangunan fenti ko na mai da ake mayarwa mazubin ruwa. Famfon tuƙa-tuƙa ma bai tsira ba, saboda silindarsa da bawulolinsa sau da yawa na tagulla ne. Wani bincike da aka wallafa a 2021 a kan rijiyoyi da famfunan karkara a Ghana da Mali da Nijar ya sami kusan kashi 9 cikin 100 na ruwan da aka auna ya wuce iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya, ya kuma danganta hakan da kayan tagullar da aka haɗa famfunan da su. Irin waɗannan kaya su ne a shagunanmu. Ko a Amurka, inda aka hana bututu da liƙin dalma tun 1986, an ci gaba da yarda tagullar famfo ta ƙunshi dalma har kashi 8 cikin 100, sai a 2014 aka rage zuwa kashi 0.25.

Abu uku ne suke sa ƙarfe ya narke a ruwa, kuma duka ukun sun haɗu a tsarin sola irin naku. Akwai halin ruwan kansa: ruwa mai ɗan tsami, wanda ma'auninsa na pH ya gaza 6.5, ko ruwa mai sauƙi wanda sabulu ke saurin kumfa a cikinsa, ya fi cin ƙarfe, domin ba ya barin farin ɓawon nan da ke lulluɓe cikin bututu ya raba ruwa da ƙarfe. Garin Flint na Amurka ya ga haka a 2014, lokacin da aka sauya musu ruwa zuwa na kogi ba a sa maganin hana cin bututu ba, ruwan ya kankare ɓawon da ya shekara da shekaru yana kare su. Akwai zafi, kuma kai ka san yadda ruwan bututun da ke kwance a rana yake fitowa a watan Afrilu, kamar an ɗora shi a murhu. Sai kuma daɗewa, wanda shi ne ya fi muhimmanci a wurinka. Sola tana turo ruwa da rana, da dare ruwa ya kwanta a cikin kan famfo awa bakwai ko takwas yana jiƙa tagulla. Shi ya sa ruwan asuba ne kake jin ɗanɗanonsa, na azahar ba ka ji.

Yadda za ka ɗebi ruwan gwaji

Nan ne akasarin mutane suke asarar kuɗinsu, domin sakamako yana bin yadda aka ɗebi ruwa. Farkon shigata wannan aiki na taɓa bar wa wani maigida kwalba na ce ya cika mini da asuba. Uwargidansa, saboda tsabta da girmama baƙo, ta goge bakin famfon da soso, ta saki ruwa ya zuba sosai, ta ɗauraye kwalbar sau uku, sannan ta cika. Sakamako ya fito tas. Sai da muka zauna hira na ji yadda aka yi, na gane abin da na je nema ya bi rariya. Laifina ne da ban yi bayani ba.

Kwalba uku nake so ka ɗiba. Ka fara zuwa ɗakin gwajin ka karɓi kwalabensu na roba da suka wanke da asid. In ba su da su, ka sayi ruwan gora sabo ka juye shi, kada ka yi amfani da gorar lemo ko kwalbar magani. Da daddare a ɗebi ruwan alwala a buta da na sha a ajiye, a ɗaure kan famfon da tsumma don kada wani ya manta, a bar shi aƙalla awa shida ba a taɓa ba. Da asuba ka tara kwalba ta farko kafin ka murɗa, ta yadda ɗigon farko zai faɗa ciki, ba ɗauraya, ba gogewa, kuma ka buɗe famfon yadda aka saba buɗe shi. Dokar Amurka ta 1991 a kan dalma da jan ƙarfe lita ɗaya ta ce a ɗiba ta wannan hanya, amma in kan famfon kansa ake tuhuma, rubu'in lita ya fi nuna shi, domin ruwan da ke cikin tagullar kaɗan ne, lita guda tana surka shi. Daga nan ka bar ruwa ya zuba minti uku zuwa biyar, har ka ji sanyinsa ko ɗuminsa ya sauya a hannunka, alamar ruwan tanki ya iso, sannan ka cika ta biyu. Ta uku kuma a bakin rijiya za a ɗebe ta da rana, injin yana cikin aiki, kafin ruwan ya hau tanki. Ka rubuta wa kowace lamba da rana da lokaci, kada ka tace ruwan ko da ka ga ɗan gari a ciki, domin wani lokaci dalmar a cikin garin take. Ka kai su cikin kwana ɗaya ko biyu, can za su ɗiga asid ɗin da ke hana ƙarfen manne wa jikin roba.

Wurin kaiwa, ka tuntuɓi hukumar ruwa da tsaftar karkara ta jiha, wato RUWASA, ko sashen kimiyyar sinadarai na Jami'ar Tarayya ta Dutse ko Jami'ar Bayero ta Kano, su auna maka ko su nuna maka inda ake yi. Kafin ka biya, ka yi tambaya ɗaya: mene ne mafi ƙanƙantar dalmar da na'urarku take iya gani? Na'urar da aka fi samu, mai aiki da harshen wuta, tana auna jan ƙarfe da kyau, amma a kan dalma ganinta yakan tsaya daidai iyakar ko sama da ita, ta yadda in ta ce ba ta ga komai ba, ba ta wanke ruwan ba. Abin da ake so shi ne na'urar da ke gani har maikrogiram 1 ko 2 a lita. Ka nemi a haɗa da pH, don shi zai gaya maka ko ruwan mai cin ƙarfe ne. A takardar sakamako Pb ita ce dalma, Cu shi ne jan ƙarfe, kuma 0.01 mg/L daidai yake da maikrogiram 10. Na ga mutane sun ga sifiri biyu a gaba sun ɗauka ba komai, alhali 0.05 ninki biyar ne na haddi. Tunda rijiyar ta unguwa ce, ka kai maganar gaban kwamitinku a raba kuɗin, kwalba ta uku ai ta kowa ce.

Karanta sakamakon ba wuya. In ta farko ta hau, ta biyu ta sauka, matsalar a kan famfonka take ko mahaɗan da ke kusa da shi, kuma wannan shi ne abin da na fi gani. Na taɓa auna wata makarantar Islamiyya mai jerin famfunan tagulla bayan hutu, ruwan farko ya wuce haddi, na bayan an saki ya dawo ƙasa, aka sauya kawunan da na roba, gwajin da ya biyo baya ya fito lafiya. In ta farko da ta biyu duka sun hau amma ta rijiya ba ta hau ba, a duba tanki da babban bututu. In har ta rijiya ta hau, a ciro injin a duba kayan da ke ƙasa, kuma a sanar da hukuma, domin ya wuce aikin gida ɗaya. Gwaji ɗaya hoton yini ɗaya ne, dalma takan fito yau ta ɓuya gobe, musamman in ɓarɓashi ne yake ɓallewa. Saboda haka a maimaita bayan kowane babban gyara, kuma in sau ɗaya za a iya a shekara, a zaɓi bazara.

Kafin sakamako ya fito

Daga gobe kada a sha ruwan farko na safe, kada a yi girki ko kunun yaro da shi. A tare shi a bokiti a yi wanki ko yayyafin tsakar gida, wanka ma ba laifi, domin dalmar ruwa ba ta ratsa fata yadda za ta cutar. Bayan an saki ruwan sai a cika randa da na sha na yini guda. Haka za a yi duk lokacin da famfo ya yi awoyi a rufe, musamman bayan tafiya. Ka gaya wa maiɗakinka ta ci gaba da tafasawa saboda ƙwayoyin cuta, amma ta san tafasa ba ta cire dalma ko jan ƙarfe. Ruwa ne yake tashi ya bar ƙarfen a tukunya, in an daɗe ana tafasawa ma sai ya ƙara kauri, don haka ruwan da aka ɗiba bayan an saki famfo shi za ta ɗora. Alif da kulorin da tacewa da ƙyalle duk suna da aikinsu, amma ba a dogara da su a kan dalmar da ta narke. Matatar da ke cire ta ita ce mai tura ruwa ta cikin siririn tantani da ƙarfin inji, ko wadda aka rubuta mata shaidar NSF 53 ta dalma, wato alamar cewa an gwada ta an tabbatar tana rage dalma, kuma dukansu sai ana sauya cikinsu a kan kari. A ganina, ga mutumin ƙauye, sauya kan famfo ya fi sayen matata sauƙi da ɗorewa. Na roba mai kauri ko na ƙarfen da ba ya tsatsa ya wadatar, kuma in har koren ya kai yadda ka faɗa, ni ba zan jira sakamako ba, zan ɗebi kwalaben nan sannan in cire shi a ranar.

Maganar yaron kuwa ta likita ce, ni ruwa nake aunawa. Abin da zan iya gaya maka shi ne gwajin jini kaɗai yake nuna dalmar da ke jikinsa, domin alamunta, irin su rashin cin abinci da ƙarancin jini da yawan kuka da jinkirin magana, suna kama da na cututtuka da yawa. Tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in an sami maikrogiram 5 a desilita ɗaya na jini, wato kashi ɗaya cikin goma na lita, a nemo inda take shigowa a toshe. Ka gaya wa likita damuwarka ƙarara, in bukata ta kama zai tura ku babban asibiti irin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ita ma uwar ta faɗa a wurin awo. Kada a sayi wani magani da sunan wanke dalma, maganin da ake bayarwa na masu yawa ne ƙwarai kuma a ƙarƙashin kulawar likita. Nono da kindirmo da wake da hanta da zogale suna taimakawa, saboda cikin da ya rasa sinadaran gina jini da ƙashi ya fi tsotse dalma.

Kuma kada ruwa ya ɗauke maka hankali daga sauran ƙofofin. Kwallin dutse da ake ranɓaɗa wa jarirai a ido, mafi yawansa ma'adinin dalma ne tsantsa, yaro ya murza ido ya kai hannu baki. Batirin sola ko na mota da ya mutu ba a barin sa inda yara ke wasa, ba a fasa shi a gida, ba a mayar da kwandonsa mazubin ruwan kaji. Tukunyar da muke kira ta dalma asalinta alminiyam ce, sai dai da yake maƙera tarkacen injuna da na mota suke narkawa, an sha samun dalmar gaske a cikin wasunsu, kuma miya mai tsami irin ta yakuwa ko kunun tsamiya sun fi janyo ta, don haka kada irin wannan abinci ya kwana a cikinta. In a gidan akwai mai zuwa haƙar zinariya ko mai gyaran batir, ya riƙa sauya kaya ya yi wanka kafin ya ɗauki yaron, a kuma wanke kayan aikin nasa daban da na iyali.